NAZARI: Zubar da ciki, coci da ikon jihohi: Dokar wa ke hawa kan Bahaushen Fatakwal, Anacha da Inugu?

A watan Oktoba na 2025 Majalisar Dattawa ta zauna kan ƙudirin gyaran Kundin Laifuffuka na Tarayya. Sanatoci ba su sha wahala ba wajen amincewa da ɗaurin rai-da-rai ga wanda ya yi wa ƙaramar yarinya fyaɗe. Amma da aka iso sashen da ke neman ƙara hukuncin mai samar da magani ko kayan zubar da ciki daga shekara 3 zuwa shekara 10, sai kan zauren ya rabu. Wasu suka nemi a fayyace wane zubar da ciki ne ya saɓa wa doka, suna tsoron kada a wayi gari an ɗaure likitan da ya ceci ran majiyyaciyarsa. Daga ƙarshe aka jingine sashen, aka miƙa shi ga kwamitin shari'a.

Akwai tambayar da ta fi wannan nauyi, wadda hayaniyar ranar ta danne. Ko da sanatoci sun amince, a ina dokar za ta yi aiki? Abuja kanta da kundin Arewa take hukunci. Jihohin Kudu kuwa kowace tana da nata kundin, wanda majalisarta ce kaɗai ke da ikon taɓa shi. Makomar wannan batu a Najeriya tana hannun majalisun jihohi, kuma a Kudu maso Gabas da Neja Delta babu muryar da ta kai ta coci ƙarfi a kunnen waɗannan majalisu. Dubban 'yan Arewa da ke zaune da iyalansu a Fatakwal da Anacha da Inugu suna ƙarƙashin wannan tsari, ko sun sani ko ba su sani ba.

Dokoki biyu a ƙasa ɗaya

Kundin da ake kira na Kudu a yau, a Arewa aka fara aiki da shi. Turawan mulkin mallaka sun kawo shi a 1904, bisa samfurin dokar jihar Kwinsland ta Ostireliya, sannan aka shimfiɗa shi a kan ƙasar baki ɗaya a 1916. Gab da samun 'yanci gwamnatin Sardauna ta yi wa Jihar Arewa nata kundin, wanda jama'a suka fi sani da Final Kod, bisa samfurin na Sudan, ya fara aiki a 1960. Tun daga nan ƙasar ke tafiya da dokokin laifi iri biyu.

A kundin Kudu, sashe na 228 ya tanadi ɗaurin shekara 14 ga wanda ya yi yunƙurin zubar wa mace ciki. Sashe na 229 ya tanadi shekara 7 ga macen da ta yi wa kanta, na 230 kuma shekara 3 ga wanda ya kawo magani ko kayan aiki. Mafita ɗaya tana sashe na 297, wanda ya wanke likitan da ya yi tiyata da kyakkyawar niyya domin ceton ran uwa. A kundin Arewa, sashe na 232 ya tanadi har shekara 14, tare da irin wannan togaciya ta ceton rai. A 1938 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma, a shari'ar Edgal, ta jingina da hukuncin wata kotun Ingila da ta wanke Dakta Aleck Bourne, likitan da ya zubar wa yarinya 'yar shekara 14 cikin da ta samu ta hanyar fyaɗe. Saboda haka masana shari'a da dama ke ganin cewa a Kudu ceton rai ya haɗa da ceton lafiyar jiki da ta ƙwaƙwalwa. Fassara ce dai, ba a rubuta ta ɓaro-ɓaro cikin kundin ba.

Dalilin da ya sa Abuja ba za ta iya yanke magana ita kaɗai ba yana cikin Tsarin Mulkin 1999. Ya jera abubuwan da suka keɓanta ga tarayya, ya jera waɗanda take tarayya da jihohi a kansu, abin da ya rage kuma ya bar wa jihohi. Dokar laifuffuka ta yau da kullum tana cikin ragowar. Wannan ne ya sa Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 da Dokar Hana Cin Zarafi ta 2015 suka tsaya a iyakar Abuja, sai da kowace jiha ta yi tata. Kano ba ta sa hannu kan dokar kare yara ba sai a 2023. Haka nan Yarjejeniyar Maputo ta 2003, wadda sashenta na 14 ya nemi ƙasashen Afirka su halatta zubar da cikin fyaɗe da wanda ke barazana ga rai ko lafiyar uwa. Najeriya ta amince da ita a 2004, amma sashe na 12 na Tsarin Mulki ya ce yarjejeniyar waje ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta zartar da ita, idan kuma ta shafi hurumin jihohi sai mafi yawan majalisun jihohi sun yarda. Har yau ba a kai ga haka ba.

Abin da coci ke cewa

Ba a fahimtar siyasar wannan yanki sai an san zurfin tushen coci a cikinsa. 'Yan mishan na ɗarikar Angalika, ƙarƙashin Samuel Ajayi Crowther, sun sauka Anacha a 1857. Katolika suka biyo baya a 1885. Su suka kafa makarantu da asibitoci tun kafin gwamnati ta yi nisa, irin su asibitin Iyi-Enu da ke Ogidi da na Borromeo da ke Anacha. Makarantar horar da limamai ta Bigard da ke Inugu tana cikin mafiya girma a duniyar Katolika. Fafaroma John Paul na Biyu ya ziyarci yankin sau biyu, a 1982 da 1998. A 2011 Gwamna Peter Obi ya mayar wa coci-coci makarantu sama da dubu a Anambra. Ɗan majalisar da ya yi karatu a makarantar mishan, aka haifi 'ya'yansa a asibitin mishan, kuma yake neman ƙuri'a ranar Lahadi a harabar coci, da wuya ya ɗaga hannu kan abin da bishop ya haramta.

Matsayin Katolika shi ne mafi tsauri kuma mafi tsari. Koyarwarsu ta ce rai yana farawa daga lokacin da ciki ya shiga, don haka kashe ɗan tayi da gangan kisan marar laifi ne, ko da cikin na fyaɗe ne. Dokar cocin ta tanadi cewa wanda ya aikata ya fita daga zumuntar masu bi nan take, ko da yake tun 2016 Fafaroma Francis ya ba kowane limami izinin karɓar tubansa. Wasiƙar John Paul na Biyu ta 1995 kan darajar rai ta ƙara da cewa dokar da ta halatta zubar da ciki ba ta cancanci biyayya ba. Duk da haka akwai ƙofa ɗaya a buɗe. Idan likita ya yi wa uwa maganin da ya zama dole, kamar cire bututun mahaifa da ciki ya maƙale a cikinsa ko cire mahaifar da sankara ta kama, ɗan tayi kuma ya mutu ba da nufin kashe shi ba, cocin bai ɗauki wannan a matsayin zunubi ba.

Cocin Angalika na Najeriya da coci-cocin Fentikos ma suna adawa da zubar da ciki, sai dai yawancinsu ba su da rubutacciyar ƙa'ida mai tsauri irin ta Katolika, kuma fastoci da yawa suna sassautawa idan ran uwa na cikin haɗari. A ɗaya gefen, da yawa daga likitocin mata da lauyoyin da ke neman a gyara dokar su ma Kiristoci ne masu zuwa coci, hujjarsu kuwa gawarwakin 'yan matan da suke gani a ɗakunan haihuwa. Kiristan Najeriya ba baki ɗaya yake magana ba, amma bakin da ya fi isa fadar gwamna shi ne na bishop.

Darasin Owerri da Legas

Duk direban da ya ɗauko kaya daga Anacha zuwa Fatakwal ta Owerri yake bi, kuma a can ne aka gwada wannan ƙarfi a fili. A 2012 Gwamna Rochas Okorocha ya sa hannu kan dokar hana cin zarafi ta Jihar Imo. Sashe na 40 na dokar ya ba mace damar zubar da cikin fyaɗe, ko na wanda yake muharraminta, ko wanda ke barazana ga lafiyarta. Sai a 2013 maganar ta fasu. Babban Bishop na Owerri, Anthony Obinna, ya jagoranci adawa, ƙungiyoyin coci suka yi ca a kan gwamnati. Okorocha ya fito ya nemi gafarar Kiristoci, majalisar jihar kuma ta soke tanadin. Ikon jiha ne ya buɗe ƙofar, shi ne kuma ya rufe ta, Abuja ba ta ce uffan ba.

Legas ta maimaita labarin. A 2018 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da jagora ga likitoci kan yadda za a cire ciki lafiya a inda doka ta yarda. A ƙarshen watan Yuni na 2022 Legas ta ƙaddamar da nata jagoran. Babban Bishop Alfred Adewale Martins ya yi tir da shi, kuma a farkon Yuli Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya dakatar da aiki da shi. Jagoran bai ƙirƙiri sabuwar doka ba, bayani ne kan wadda ke akwai. Idan har Legas, mai yawan Musulmi da Kirista da 'yan boko, ta ja da baya cikin kwanaki, ana iya hasashen abin da zai faru a Awka ko Inugu.

A matakin tarayya ma haka tarihin yake. Ƙudirin 1981 da ƙungiyar likitocin mata ta mara wa baya ya faɗi a Majalisar Wakilai. Yunƙurin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti a farkon shekarun 1990 bai kai labari ba. Ƙudirin daidaita jinsi na Sanata Biodun Olujimi ya faɗi a 2016, inda shugabannin addinan biyu suka soke shi, kowa da dalilinsa.

Kowa da inda yake fakewa

Nan ne batun ya zama darasi kan tsarin tarayya. Lokacin da Gwamna Ahmad Sani Yarima ya ƙaddamar da Shari'a a Zamfara a 1999, jihohi 11 suka bi sahu, hujjar 'yan Arewa ita ce dokar laifi hurumin jiha ce. Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya a lokacin ta nemi gwamnatin tarayya ta taka wa jihohin birki, tana kafa hujja da sashe na 10 da ya hana ɗaukar wani addini a matsayin na gwamnati. Amma idan magana ta zo kan Yarjejeniyar Maputo ko jagoran Ma'aikatar Lafiya, masu adawa daga coci da sashe na 12 da ikon majalisun jihohi suke kare kansu. A 2019 Gwamna Nyesom Wike ya bayyana Ribas a matsayin jihar Kirista, sai ga Musulmi sun ɗauko sashe na 10 ɗin da aka taɓa ɗauko musu. Kowane ɓangare yana yabon ikon jiha a inda yake da rinjaye, yana kuma kiran Abuja a inda yake 'yan tsiraru.

Wannan hali bai keɓanta da Najeriya ba. A Amurka Kiristoci masu ra'ayin riƙau sun kwashe kusan shekara 50 suna cewa hukuncin Roe na 1973 ya ƙwace wa jihohi haƙƙinsu. Ranar 24 ga Yuni, 2022, Kotun Ƙoli ta soke shi, ta mayar da batun ga jihohi. Ba a cika wata uku ba Sanata Lindsey Graham ya kawo ƙudirin haramta zubar da ciki bayan mako 15 a faɗin ƙasar. Da masu zaɓe a Kansas da Ohayo suka goyi bayan halattawa, wasu masu adawa suka ce ran ɗan tayi ya fi ƙarfin ƙuri'ar jiha. Da Donald Trump ya ce a 2024 a bar wa jihohi, tsohon mataimakinsa Mike Pence ya soke shi a fili. Koyarwar Katolika kanta tana ɗauke da ɓangarorin biyu: tana son a bar wa ƙaramar hukuma abin da za ta iya, tana kuma cewa haƙƙin rayuwa ba abin da ake jefa wa ƙuri'a ba ne. Mai wannan aƙida zai karɓi ikon jiha matuƙar yana kare ɗan tayi, ya kuma juya masa baya ranar da ya daina.

Baƙon da dokar ke hawa kansa

Hausawan da ke Asata da Garki a Inugu, da na kewayen masallacin titin Bida da bakin gada a Anacha, da na Diobu da Oyigbo a Ribas, yawancinsu 'yan kasuwar shanu da albasa da doya ne, da direbobi da masu canji da 'yan ƙwadago. Wasu kakanninsu a can aka haife su. Cikin waɗanda masu gari ke kira Hausawa akwai Kiristoci daga Kudancin Kaduna da Filato da Gombe da Adamawa, masu yin sujada da harshen Hausa a coci-cocin ECWA da makamantansu. Dukkansu kundin laifuffukan jihar da suke zaune ne ke hukunta su, domin dokar laifi tana bin ƙasar da aka aikata abu, ba ta duba asalin mutum ko addininsa.

A kan asalin haramcin, Bahaushe Musulmi ba shi da rigima da bishop. Mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa ita ce mafi tsauri cikin huɗun, domin fitaccen ra'ayinta ya hana zubar da ciki tun daga kwanakin farko. Bambancin yana fitowa ne a wajen lalura. Malaman Musulunci sun tafi a kan cewa idan likita amintacce ya tabbatar ci gaban ciki zai kashe uwa, ana fifita ranta, domin ita ce tushe. Malaman Hanafiyya sun sassauta kafin kwana 120 idan akwai uzuri, kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yarda a 1990 da cire tayin da ke da mummunar naƙasa kafin wannan wa'adi. Ke nan akwai yanayin da malamin matar zai ce ya halatta, dokar jiha ta yarda ko ta yi shiru, amma asibitin mishan da ya fi kusa da ita ya ce ƙa'idarsa ba ta bari ba.

Muryarsu kuwa a inda ake yanke hukunci ƙarama ce. A shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafulatani ɗan asalin lardin Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko ta hanyar zaɓe. Yau wakilcin 'yan Arewa a waɗannan jihohi bai wuce sarakunan Hausawa da masu ba gwamna shawara ba. Ramuwar gayyar da aka yi a Aba a 2000 bayan rikicin Shari'a na Kaduna, da ta Anacha a 2006 bayan na Maiduguri, ta koya wa mazauna unguwannin nan cewa muhawarar addini tana iya ƙarewa a kan rumfunansu. Saboda haka suka zaɓi shiru, kuma babu mai ganin laifinsu.

Inda haɗarin yake

Tsaurin doka bai hana aikin ba. Binciken da Cibiyar Guttmacher ta Amurka ta yi tare da masana na Ibadan ya ƙiyasta cewa an zubar da ciki kusan miliyan 1.25 a Najeriya a 2012, wato 33 cikin kowace mace 1,000 masu shekara 15 zuwa 49. Kudu maso Kudu ce ta fi yawa da 44, Arewa maso Gabas na bi mata da 41. Kudu maso Gabas ta Katolika da Arewa maso Yamma ta Malikiyya sun yi kunnen doki a kan 31. Mata kusan 212,000 ne aka yi wa magani a asibiti saboda matsalar da ta biyo baya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa mata 82,000 suka mutu a Najeriya a 2020 sanadiyyar ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya.

A duba halin likitan da ke aiki a asibitin koyarwa na Ituku-Ozalla ko na Jami'ar Fatakwal. Ma'aikacin tarayya ne, jagoran 2018 na tarayya yana hannunsa, sashe na 20 na Dokar Lafiya ta 2014 ya hana shi ƙin karɓar mai neman agajin gaggawa. Maganin da zai yi amfani da shi, misofirostol, hukumar NAFDAC ce ta yi masa rajista tun 2006 domin tsayar da jini bayan haihuwa, tun da sha'anin magunguna hurumin tarayya ne. Amma idan aka kai ƙararsa, da dokar jiha za a tuhume shi, Antoni Janar na jiha ne ke da wuƙa da nama, ɗan sandan da zai kama shi kuma na tarayya ne. Likitan da ke tsakanin waɗannan hukumomi yakan zaɓi jinkiri ko ya tura majiyyaciya gaba. Mai kuɗi tana da asibitin kuɗi. Matar mai turin baro, wadda ba ta jin Ibo ko Turanci sosai, kuma sai da izinin miji take fita, tana iya ƙarewa a hannun mai kemis, ko a sa ta a motar Arewa alhali jini na zuba. Wadda ta yi ɓari na Allah da Annabi ma tana iya jin tsoron asibiti, gudun kada a zarge ta.

Abin da zai yiwu

Babu alamar cewa majalisar Anambra ko ta Inugu ko ta Ribas za ta halatta zubar da ciki, kuma mazauna unguwannin Hausawa ba su nemi haka ba. Ɗan Arewa da ya kare haƙƙin Zamfara na yin dokarta ba shi da bakin hana Inugu yin tata. Abin da ya rage shi ne a fayyace togaciyar da ta riga ta kasance cikin doka fiye da shekara ɗari. Jihohin uku suna iya rubuta wa likitocinsu, cikin harshen da ba ya ɗaukar fassara biyu, yanayin da sashe na 297 ya ƙunsa, su kuma tabbatar cewa kula da wadda ta yi ɓari ko ta zo da jini ba laifi ba ne. Darasin Legas shi ne a zauna da bishop-bishop da limamai tun kafin a buga takarda, domin cikin da ya maƙale a bututu da jinin da ya ɓalle ba su cikin abin da coci da masallaci ke jayayya a kai. Asibitin da ƙa'idarsa ta hana shi wani aiki, a wajabta masa tura majiyyaciya cikin gaggawa zuwa inda za a yi.

Sarakunan Hausawa da kwamitocin masallatai da fastocin coci-cocin Hausa su ma suna da aikin da bai buƙaci izinin majalisa ba: su san asibitin da ya kamata a nufa da dare, su tanadi matan da za su yi tafinta a ɗakin awo, su kuma halarci zaman jin ra'ayin jama'a duk lokacin da majalisar jiha ta taɓo dokar lafiya. Sanatoci za su iya dawo da sashen da suka jingine, su mai da shekara 3 ta koma 10. Matar da naƙuda ta juye mata a Oyigbo ko bakin gadar Anacha, abin da majalisar jiharta ta rubuta da abin da likitan da ke bakin aiki ya fahimta daga rubutun ne za su yanke ko za ta kwana.